Toshe talla a waya da kwamfuta: haƙƙin wa ake ci?

Tambayoyin da na ware a wannan karon duk a kan abu guda suke, wato manhajojin da ke hana talla fitowa. Na taƙaita wasu, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne. Na sa manhajar toshe talla a burauzata, shafuka suka koma buɗewa da sauri, data kuma tana yi mini auki. Sai wani abokina ya ce abin da nake yi sata ne, wai ina cin guminsu ban biya ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Da gaske sata ce?

Amsa: Barka kadai. A'a, ba sata ba ce. Amma abokin naka bai yi maganar banza ba, don haka mu bi ta a hankali.

Idan ka buɗe shafi, ba a dunƙule yake zuwa wayarka ba. Abin da ke fara isowa shi ne rubutun, tare da jerin umarni: je wurin kaza ka ɗauko hoto, je kamfanin kaza ka ɗauko talla, je wancan ka ɗauko ɗan lambar da ke ƙirga baƙi. Wayarka ce ke yin duk wannan aiken, da datarka, da cajin batirinka. Manhajar toshe talla tana riƙe da jerin adireshin da aka sani na masu talla da masu bibiya, wanda ya fi shahara shi ne EasyList, kuma masu aikin sa kai ne ke kula da shi. Duk umarnin da ya ce a je ɗaya daga cikin adireshin nan, sai ta ce wa waya kada ta je. Shi ke nan aikinta. Ba ka kutsa cikin kwamfutar kowa ba, ba ka fasa makulli ba. Na'urarka ce ta ƙi ɗauko wani abu.

Zargin sata ya girmi wannan manhaja. A 2002 shugaban kamfanin talabijin na Turner a Amurka, Jamie Kellner, ya ce mai tsallake talla da na'urar naɗar shirye-shirye satar shirin yake yi, sai dai ya yarda a ɗan ɗaga ƙafa ga wanda ya tashi zagayawa. Mutane sun yi ta yi masa dariya, domin in an bi maganarsa, runtse ido ma laifi ne. A Jamus kuwa har kotu aka je. Kamfanin Axel Springer, mai jaridar Bild, ya kai ƙarar kamfanin Eyeo, masu manhajar toshe talla ta Adblock Plus, kuma a Afrilun 2018 babbar kotun tarayya ta ce toshe talla bai saɓa wa dokar gasar kasuwanci ba, tunda mai na'ura ne ke zaɓar ya sa manhajar da kansa. Rigimar ba ta mutu ba, don sun sake dawowa ta ƙofar haƙƙin mallaka, kuma a 2025 kotun ta mayar da wannan ɓangaren ga kotun birnin Hamburg a sake dubawa.

To, ga inda abokinka yake da gaskiya. Mai shafin da ka karanta ya biya wanda ya rubuta, ko shi da kansa ya kwana yana rubutawa. Yana biyan hayar kwamfutar da ke ajiye shafin, kuma ko ka ga talla ko ba ka gani ba, ziyararka ta ci masa wani abu. Kai ka tashi da amfani, shi ya tashi hannu rabbana. Doka ba ta kama ka ba, amma ba duk abin da doka ta bari ne yake da kyau ba. A Satumbar 2015, da Apple ya ba da damar toshe talla a iPhone, wani mai ƙera manhaja mai suna Marco Arment ya fitar da tasa mai suna Peace. Nan take ta hau saman jerin manhajojin da ake saya da kuɗi a Amurka. Cikin kwana biyu ya janye ta da hannunsa, kuɗi na shigowa. Dalilinsa shi ne manhajar ba ta bambance mai laifi da marar laifi, tana yi wa kowa kuɗin goro, kuma ransa bai kwanta da hakan ba.

Ra'ayina shi ne babu wanda yake bin ka bashin kallon talla. Ba ka yi alkawari da kamfanin talla ba, ba ka ma san sunansa ba. Wanda ya cancanci ka tuna da shi shi ne mutumin da ya yi aikin da kake komawa kana amfana da shi. Shafin da ka faɗa bisa tsautsayi daga bincike, ya tarbe ka da bidiyo mai kunna kansa da talla uku masu rufe rubutu, bar manhajarka ta yi aikinta. Shafin da kake buɗewa kullum, wanda in ya rufe gobe za ka ji babu daɗi, wannan ka cire shi daga toshiya ko ka tallafa masa ta wata hanya. Yadda ake cirewa yana cikin amsa ta ƙarshe.

Tambaya: Ni fa tunda nake ban taɓa danna talla ba, ko sau ɗaya. To wace asara mai shafi zai yi in na toshe, tunda dama ba zai samu komai daga wurina ba?

Amsa: Mutane da yawa suna wannan lissafin, kuma akwai kuskure a ciki. Akwai tallan da sai an danna ake biya, amma kaso mai yawa na tallan da ke jikin shafuka ana biyansa ne a kan nunawa, ana lissafi a kan kowane dubu. In tallan ya bayyana a allonka, an ƙirga, ko ka kalla ko ka kawar da kai. In ka toshe, ba a ƙirga ba. Abin da ziyararka ɗaya take kawowa bai taka kara ya karya ba, sai an tara dubbai yake zama albashin wani.

Amma tunda ka taɓo kuɗi, bari in nuna maka hanyar da suke bi, domin a nan ne maganar haƙƙi take rikicewa. A 1994, lokacin da mujallar HotWired ta sa tallan kamfanin sadarwa na AT&T a saman shafinta, ciniki ne tsakanin mutum biyu: mai shafi da mai kaya. Yanzu kuwa, a cikin ɗan lokacin da shafi yake buɗewa, ana yin gwanjo a kanka. Ana aika sanarwa ga kamfanoni masu yawa cewa ga wani ya buɗe shafi kaza, da irin waya kaza, daga yanki kaza, ga lambar da aka san shi da ita a baya. Kwamfutocinsu su yi tayi, wanda ya fi tsada ya ci, tallansa ya fito. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido ba. Waɗanda ba su ci gwanjon ba ma sun riga sun ga bayananka.

Tsakanin mai kaya da mai shafi dillalai ne jere, kowa yana yankar nasa. A 2020 ƙungiyar masu ba da talla ta Birtaniya, ISBA, ta sa kamfanin PwC ya bi sawun kuɗin. Suka gano kusan kashi 51 cikin 100 ne kawai ke isa hannun masu shafuka. Kashi 15 kuwa an rasa inda ya shiga, masu binciken ma sun kasa gano wanda ya ci. Waɗannan fa manyan jaridu ne masu ma'aikata da lauyoyi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Babban gardin kuwa sananne ne: a 2023 kamfanin Alphabet, uwar Google, ya samu kimanin dala biliyan 238 daga talla, fiye da kashi uku cikin huɗu na duk kuɗin shigarsa. A Afrilun 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya a Amurka, Leonie Brinkema, ta yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba a kasuwar manhajar da masu shafuka ke sayar da gurbin talla da ita, da kuma dandalin gwanjon kansa.

Saboda haka in an ce maka toshe talla yana cutar da marubuci, gaskiya ne, amma ba kai ne ka fara rage masa rabo ba. Kuma akwai abin da ba a faɗa maka lokacin da ake roƙonka ka buɗe: ba idonka kaɗai ake nema ba. Kallon talla daban, yarda a riƙa bin ka daga shafin lafiya zuwa na labarai zuwa na neman aiki ana haɗa tarihinka daban. Na farko ciniki ne da kowa ya fahimta tun zamanin jarida da rediyo. Na biyu babu wanda ya zauna ya yi maka bayaninsa. Akwatin nan da ke fitowa yana neman amincewarka, maɓallin yarda ƙato mai launi, na ƙi kuwa a ɓoye cikin shafi na biyu, ba neman izini ba ne na gaskiya. A Fabrairun 2022 hukumar kare bayanai ta Beljiyam ta ce tsarin neman amincewar da ƙungiyar masana'antar talla ta Turai ta shimfiɗa ya saɓa wa dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai.

Tambaya: Malam, mahaifina ya tsufa, kuma duk abin da ya fito a allo sai ya danna. Sau da yawa ina tarar da manhajojin da bai san ya saukar ba. In na sa masa abin toshe talla, na yi daidai?

Amsa: Kin yi daidai, Malama, kuma kada ki jinkirta. A nan babu wata doguwar muhawara. Wanda ba ya bambance maɓallin saukewa na gaskiya da na talla, kare shi ya fi duk wani lissafin kuɗin mai shafi.

Matsalar ba ta tsaya ga shafukan banza ba. A Maris na 2016 an cusa tallace-tallace masu ɗauke da muguwar manhajar da ke kulle kwamfuta ta nemi kuɗin fansa, suka bayyana a shafukan New York Times da BBC da AOL da MSN. Ba su suka zaɓi tallan ba, ta hanyar dillalan nan ya shigo, don mai shafi sau da yawa bai san abin da aka nuna wa baƙonsa ba. A Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka da kanta ta ba jama'a shawarar su sa manhajar toshe talla lokacin bincike. Dalilin shi ne 'yan damfara suna sayen gurbin farko a sakamakon bincike. Ki rubuta sunan banki ko na wata manhaja, na saman ya fito da tambari iri ɗaya da launi iri ɗaya, sai ɗan rubutu ƙarami a gefe mai nuna talla ne, adireshin kuma harafi ɗaya ya bambanta shi da na gaskiya. Matashi mai kaifin ido ma yana faɗawa, balle dattijo.

Ki kuma shiga saitin burauzarsa ki duba jerin shafukan da ya ba izinin turo sanarwa, ki goge duk wanda ba ku sani ba. Yawancin saƙonnin nan masu cewa wayarka ta kamu da cuta daga nan suke fitowa, kuma toshe talla ba ya hana su.

Tambaya: Malam, ka yi haƙuri, amma irinku masu koya wa mutane toshe talla ku ne kuke kashe mu. Ina da ƙaramin shafi inda nake rubuta darussan lissafi kyauta. Ba ni da mai ɗaukar nauyi, talla ce kaɗai ke biyan kuɗin ajiyar shafin. Masu karatu suna ƙaruwa, kuɗin na raguwa. Ka faɗa mini, in kowa ya toshe, wa zai ci gaba da rubutu kyauta?

Amsa: Ba sai ka ba ni haƙuri ba, Malam, tambayarka ita ce mafi nauyi a cikin duk waɗanda suka zo, kuma ba ni da amsar da za ta share maka hawaye gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne wanda ka ambata. Google da Meta, mai Facebook, ba sa jin toshiyar nan sosai, domin kaso mai yawa na tallansu yana cikin manhajojinsu na waya, inda abin toshewa na burauza ba ya kaiwa. Wanda duka ke sauka a kansa shi ne irinka, mai shafi a fili. Kuma in talla ta daina riƙe shafuka, abin da ke biyo baya ba kyauta ba ne, katangar biyan kuɗi ce. New York Times ta kafa tata a 2011, yau tana da masu biya fiye da miliyan 10. Ita ta tsira. Amma ɗalibin da ba shi da katin banki, ko wanda kuɗin watan jarida ya fi ƙarfinsa, an bar shi a waje. Duk munin talla, ita ce ta sa mai kuɗi da marar kuɗi suke karanta shafi ɗaya. Sannan masu yaɗa farfaganda da ƙarya ba za su taɓa sa katanga ba, tunda akwai mai biyansu ta bayan fage. Duk wanda yake toshe talla yana taƙama ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Sai dai ka dubi abin daga wajen mai karatunka. Bai sa manhajar don kai ba. Ya sa ta ne don wani shafin da ya cinye masa data ya sa wayarsa ta yi zafi, kai kuma tsautsayi ya rutsa da kai. A 2015 New York Times ta gwada shafukan labarai 50 a waya, ta ga fiye da rabin datar da ake saukewa ta talla ce da makamantanta. Ga wanda yake sayen data da awo, ba gaskiya ba ne a ce yana karatu kyauta. Yana biya, sai dai kuɗin ba aljihunka suke shiga ba. Ko mutumin da ya rubuta lambar tallan nan mai faɗowa a sabuwar taga, Ethan Zuckerman, wanda ya yi aikin a kamfanin Tripod a shekarun 1990, ya fito a 2014 ya nemi afuwar jama'a. Masana'antar ce ta kai mutane bango.

Me za ka yi? Fara da buɗe shafinka a tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi, ba tare da toshiya ba, ka karanta darasi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. In rubutu yana tsalle saboda talla na shigowa, in akwai wanda ya rufe lissafin, in akwai mai kama da maɓallin darasi na gaba, cire su. Masu shafuka da yawa suna kunna zaɓin da ke barin kamfanin talla ya cusa talla duk inda ya ga dama, sannan ba sa komawa su ga yadda shafin ya zama.

Bayan haka ka yi wa masu toshewa magana. Ɗan saƙo gajere da muryarka, mai cewa kai kaɗai ne ke rubuta darussan, ga abin da ajiyar shafi ke ci, talla biyu ne kawai kuma ba sa motsi. Wannan ya fi rufe ƙofa. Shafin fasaha na Ars Technica ya gwada ɓoye rubutunsa ga masu toshewa na awa 12 a 2010. Wasu sun buɗe masa, wasu sun biya, wasu kuma suka fusata, musamman da yake ba a yi musu bayani tun farko ba. Kana da iko ka rufe ƙofarka, shafinka ne, kuma ina gaya wa masu karatu cewa in mai shafi ya ce sai an buɗe talla za a shiga, to ko dai a buɗe ko a tafi, bin ta taga bai dace ba. Amma ga shafin darasi, wanda ka kora ɗalibi ne, kuma zai sami wani wurin cikin minti ɗaya.

Hanyar da na fi yi maka sha'awa ita ce talla kai tsaye. Mai sayar da littattafai ko wata makaranta su biya ka a wata, ka sa hotonsu da hannunka, daga shafinka yake fitowa, ba dillali, ba bibiya. Kuɗin duka naka ne, ka san abin da ɗalibanka ke gani, kuma sau da yawa manhajar toshewa ba ta taɓa irin wannan. Sharaɗi ɗaya: ka rubuta a fili cewa talla ne. Mafi munin abin da toshe talla ya ƙara wa ƙarfi shi ne tallan da ake sa wa rigar labari, mai karatu yana zaton shawara ake ba shi alhali an biya ne.

Sai gudummawa. Jaridar Guardian ta Birtaniya ta bar shafinta a buɗe tana roƙon tallafi a ƙarshen kowane labari, kuma masu ba ta sun haura miliyan ɗaya. Wikipedia ba ta sa talla, da gudummawa take rayuwa. Patreon, dandalin karɓar tallafi daga masoya da aka kafa a 2013, an gina shi ne don masu ƙaramin aiki irin naka. Kada ka sa rai da yawa, kaɗan ne daga masu karatu ke bayarwa, amma mutum ɗaya mai ba ka wani abu duk wata ya fi ziyara dubu da yawa ta fuskar talla. Abin da kullum ake cewa shi ne mafita, wato biyan 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane rubutu, an gwada shi sau da dama bai kama ba. Cikin kamfanonin da suka gwada, Blendle ta Holan ta bar tsarin a ƙasarta a 2019, Flattr ta rufe a 2023. Mutane ba sa son tsayawa yanke shawarar biya a kan kowane shafi, ko da kuɗin ba su da yawa.

Tambaya: YouTube ya fara nuna mini gargaɗi cewa sai na kashe abin toshe talla bidiyo zai yi. Wani ya ce in saukar da wata manhajar YouTube da aka gyara wadda ba ta da talla. Me ka gani?

Amsa: Tun 2023 kamfanin ya tsananta wannan, kuma sharuɗɗansa sun ba shi dama. Game da manhajar da aka gyara, ban ba ka shawara ba. Za ka saukar da ita daga wurin da ba ka sani ba, sannan ka shigar mata da asusunka na Google, wanda ke riƙe da wasiƙunka da hotunanka da lambobin mutanenka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wadda ta fi shahara a cikinsu, Vanced, ta rufe a 2022, kuma jabu masu amfani da sunanta sun cika ko'ina.

Ta fuskar haƙƙi kuwa, a nan lissafin ya fi fitowa fili. A dogayen bidiyo, YouTube yana ba mai tashar kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla. In ka toshe, fiye da rabin abin da ka hana na mai bidiyon ne. Tsarin biyan wata na Premium ma ana raba wani kaso ga masu tashoshi gwargwadon lokacin da aka kalle su. In kana da hali kuma kana yawan kallo, wannan ce hanya mai tsabta. In babu, ka jure, ka tsallake wanda ake iya tsallakewa. Na san tallan ya yi yawa, har da na damfara da bai kamata a ce sun wuce tantancewa ba. Irin waɗannan ka kai ƙararsu ta ɗan maɓallin da ke jikin tallan.

Tambaya: To wacce zan sa, kuma yaya zan bar talla a shafukan da nake son tallafawa?

Amsa: Ka fara sanin yadda mai manhajar yake cin abinci. Adblock Plus tana da tsarin da ta fara a 2011 na barin tallan da ta ce ba ya takura, kuma a kunne yake zuwa. Ƙananan shafuka suna shiga jerin kyauta, manyan kamfanoni kuwa suna biyan Eyeo kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin da suka dawo da shi ta hanyar. Wasu suna ganin sulhu ne mai kyau, tunda yana tilasta wa masu talla su natsu. Ni ina ganin wanda ya tare hanya sannan yake karɓar kuɗin buɗewa bai dace ya zama alƙali ba, ko da yake tun 2017 wani kwamiti ne na daban ke tsara ƙa'idojin. Burauzar Brave tana toshe tallan shafuka sannan tana da nata tsarin tallan. Chrome ma tun 2018 yana tace wasu tallace-tallace mafiya muni, amma kada ka manta mai shi da talla yake rayuwa.

Wadda na fi natsuwa da ita ita ce uBlock Origin, ta Raymond Hill. Kowa na iya duba lambobinta, ba ta karɓar kuɗin kowane kamfani, shi kansa ma ba ya karɓar gudummawa. Cikakkiyarta tana aiki a Firefox, a kwamfuta da wayar Android. A Chrome, sabon tsarin da Google ya kawo wa ƙananan manhajojin burauza ya kashe ta, sai ƙaramarta mai suna uBlock Origin Lite. Chrome na waya kuwa ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji sam. A iPhone ana saukar da mai toshewa daga shagon Apple a kunna ta a saitin Safari. Ka duba suna da sunan mai ita da kyau kafin ka sauke: a 2018 kamfanin AdGuard ya gano jabun manhajojin toshe talla a shagon Chrome da mutane kusan miliyan 20 suka sa. Irin wannan manhaja tana ganin duk shafin da ka buɗe, don haka guda ɗaya amintacciya ta isa.

Buɗe wa shafi abu ne mai sauƙi. Kana kan shafin, ka taɓa alamar uBlock Origin, za ka ga babban maɓalli shuɗi irin na kunna na'ura. Danna shi, ya koma toka-toka, ka sake loda shafin. Daga nan wannan shafin kaɗai aka buɗe wa, sauran suna nan a toshe, kuma za ta tuna. In ka buɗe ka ga sun wuce gona da iri, ka mayar.

Akwai masu toshewa ta saitin Private DNS da ke wayoyin Android tun sigar 9, inda ake rubuta adireshin wani kamfani mai tace talla. Wannan yana kaiwa har cikin wasu manhajoji da wasanni, amma yana da illa biyu. Kamfanin da ka rubuta zai riƙa ganin sunan duk shafin da wayarka ta nema, sannan a tsarin kyauta na gama-gari ba ka da maɓallin buɗe wa shafi ɗaya ka bar saura, kuma ba ya hana tallan YouTube. Ga wayar dattijo irin wanda aka yi tambaya a kansa a sama, ya dace. Ga wanda yake son ya riƙa zaɓar wanda zai tallafa wa, ta burauza ta fi.